Baƙin Dutsen Umdurman da Lakar Alhilla Kuku

Wanda ya tsaya a Alhilla Kuku, gabas da Shuɗin Nilu, ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ba zai hangi wani dutse ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar an baza tabarma. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, an san wannan unguwa da garkunan shanun madara, da kuma kwalejin koyon kiwon dabbobi ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. A wancan lokaci, daga nan ake ɗaukar madara da sassafe a ƙetare gada da ita zuwa cikin Hartum. In da wani ya ce wa mai tatsar shanun nan wuta ce ta shimfiɗa masa ƙasar da yake takawa, sai ya yi dariya, ya nuna masa kogi, ya ce ai ruwa ne uban wurin nan.

Gaskiyarsa kuwa, amma rabin labarin ke nan. Lakar da ruwan yake kawowa, da jan bulon da aka gina gidajen birnin da shi, da baƙar tsakuwar da ke cikin kwaltar tituna da yawa, duka asalinsu ɗaya ne, wato dutsen da ya narke a cikin ƙasa, ya fito, ya huce. Bari mu bi sawun wannan wuta a wurare uku kewaye da Hartum, mu ga yadda ta shiga tarihin mutane, har da namu Hausawa da muka bi hanyar gabas.

Mene ne baƙin dutse?

A can ƙarƙashin ƙasa akwai zafi mai tsanani, har dutse yakan narke a wasu wurare ya zama kamar kunu mai kauri. Sa'ad da ƙasa ta tsage, sai narkakken dutsen nan ya sami hanya ya hau. Wani lokaci yakan fito da ƙara da toka da hayaƙi, shi ne abin da muke kira dutse mai aman wuta. Wani lokaci kuwa yakan malalo a hankali ya rufe fili kamar ambaliya. Zafinsa yakan kai awo 1,100 zuwa 1,200, alhali ruwa yana tafasa a awo 100 kawai.

In ya fito sarari yakan huce da sauri, saboda haka ƙwayoyinsa ba sa samun zarafin girma. Sai ya daskare ya zama dutse baƙi, mai nauyi, mai tauri, wanda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinsa. Larabawa suna ce masa bazalt, Turawa ma kusan haka suke kiransa. Baƙinsa da nauyinsa daga ƙarfen da ke cikinsa suke. In ka cika mudu da shi ba rami ba kogo, nauyinsa zai kusan ninka na ruwa sau uku. Sau da yawa, sa'ad da yake hucewa, yakan tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida, a jere kamar saƙar zuma, har wanda bai sani ba ya ɗauka mutane ne suka sassaƙa su.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane dutse haka yake. Kufena ta Zariya da dutsen Kwatarkwashi giranit ne, wanda ya huce sannu a hankali a can cikin ƙasa, shi ya sa ake ganin ƙwayoyinsa fari da ja da baƙi. Dala ta Kano kuwa marmara ce ta rufe kanta. Wanda yake so ya ga baƙin dutse a Nijeriya sai ya tafi tudun Biyu a jihar Borno, inda tafkin Tila yake kwance cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, ko kuwa ya tafi Panyam da Kerang a jihar Filato.

Jabal Toriya

Yawancin ƙasar da Hartum da Umdurman suke zaune a kanta dutsen yashi ne. Tsofaffin koguna ne suka zuba rairayi da tsakuwa a wurin, kusan shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'an nan yau da gobe suka manne suka zama dutse. Duwatsun Marhiyat da ke arewa maso yammacin Umdurman irin wannan ne, launinsu ja-ja ko ruwan ƙasa.

Amma a yamma da Umdurman akwai wani tudu da ya bambanta da su, sunansa Jabal Toriya. Shi baƙi ne. Narkakken dutse ne ya keto ta cikin dutsen yashin ya hau, ya daskare. Daga wannan kaɗai masana suka san wanne ne babba, gama abin da ya keta ta cikin wani abu dole ya tarar da shi a wurin. Ashe dutsen yashi ne wa, baƙin dutse ƙane. Sa'an nan iska da ruwan sama suka yi ta cin ƙasar da ke kewaye, mai taushi ta tafi, mai tauri ya tsaya, ya zama tudu.

Ba a gina wani birni a kan Jabal Toriya ba, ba a kuwa yi wani shahararren yaƙi a gindinsa ba. Tarihinsa ya soma ne sa'ad da birnin ya bukaci tsakuwa. Masu aikin hanya sun san baƙin dutse yana jure nauyin manyan motoci, ba ya saurin niƙewa, kwalta kuma tana kama shi da kyau. Saboda haka aka kafa wuraren fasa dutse a jikin tudun. A sa nakiya a fasa, inji ya niƙa, a tankaɗe manya daban ƙanana daban, tifofi su kwashe zuwa inda ake shimfiɗa titi ko zuba kankare. Shekara da shekaru ana haka, har ya zama dai tudun ya bar wurinsa kaɗan-kaɗan ya koma cikin birni. Mutumin da bai taɓa jin sunan Toriya ba, wataƙila ya daɗe yana tafiya a kansa.

Sabaloka, ƙofar arewa

Wajen kilomita 80 arewa da Hartum, kogin Nilu yakan shiga wani matsattsen kwari tsakanin duwatsu masu duhu. Nan ne Sabaloka, gangara ta shida cikin gangarorin Nilu in an ƙidayo daga Aswan ta Masar. Waɗannan duwatsu sun girmi na Toriya nesa ba kusa ba, har sun girmi dutsen yashin ma da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Wani masani Baturen Ingila, David Almond, ya buga dogon bincike a kansu a 1977. A taƙaice, gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne. Da fari baƙin dutse ya malalo, daga baya wani iri mai kauri, ja-ja ko shuɗi-shuɗi, wanda ake kira riyolit, ya biyo da toka mai zafi, har rufin wurin ya rufta ciki.

Akwai abin mamaki a nan. Kewaye da duwatsun fili ne, amma kogin bai kewaye su ba, ya ratsa ta tsakiyarsu. Bayanin da masana suka bayar shi ne, a dā dutsen yashi ya binne su duka, kogin kuwa yana gudu a bisa. Da ya yi ta zaizayar ƙasa yana nutsewa, sai ya tarar da dutse mai tauri a ƙarƙashinsa, ba shi kuwa da halin sake hanya, ya ci gaba da yankawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mutanen dā sun san darajar wannan dutse tun kafin a san ƙarfe. A 1944 da 1945 wani ma'aikacin gwamnati mai kula da kayan tarihi, A. J. Arkell, ya haƙa wani tudu kusa da asibitin Hartum, ya sami mazaunin masunta da mafarauta masu yin tukwane tun shekaru dubbai da suka wuce. A 1949 da 1950 ya haƙa wani wurin kuma, Shahainab, a yammacin kogi arewa da Umdurman. A can ya tarar da gizago da gatura na dutse, an goge bakinsu sun yi kaifi, yawancinsu kuwa da riyolit na Sabaloka aka yi su. Daga 1972 masu bincike daga ƙasar Polan, ƙarƙashin Lech Krzyzaniak, suka haƙa Kadaru, arewa da Hartum Bahri, suka sami irin waɗannan kayan aiki tare da ƙasusuwan shanu masu yawa. Mutanen Kadaru makiyaya ne da suka rayu fiye da shekara 6,000 da suka wuce. Babu irin wannan dutse a ƙasarsu, sai an yi tafiyar kwana biyu ko uku a ƙafa an ɗauko, ko kuwa a samu ta hannun masu musaya. Ke nan tun a wancan zamani akwai fatauci a bakin Nilu, kayan da ake fatauci kuwa dutse ne. Tun daga 2009 kuma masana daga Jami'ar Charles ta birnin Prag suka yi ta aiki a yammacin Sabaloka, suka gano mazaunai da kaburburan mutanen da suka riga makiyayan nan.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: shanun Alhilla Kuku ba baƙi ba ne a gabashin kogin. Tun kafin a gina dalar Masar ana tatsar madara a wannan gefe.

Da zamani ya juya, matsatsin kwarin ya zama abin da sarakuna suke so su riƙe. A wajen 1504, bayan faɗuwar daular Alwa, Amara Dunkas ya kafa mulkin Funj a Sinnar. Abdullahi Jamma da zuriyarsa, waɗanda ake kira Abdallab, suka zauna a Karri, gab da Sabaloka. Wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe ƙofar da ayari da jiragen ruwa suke bi tsakanin arewa da kudu, yana kuwa karɓar kuɗin fito. Daga baya ne suka komar da gidan sarautarsu Halfaya, wadda yanzu take cikin Hartum Bahri.

A 1885 duwatsun suka sake shiga labari. Ran 26 ga Janairu mayaƙan Mahadi suka ci Hartum, aka kashe Janar Godon. Bayan kwana biyu wasu jiragen ruwa biyu masu tururi, Bordain da Talahawiya, suka iso da 'yan sojojin Ingila kaɗan don su cece shi, suka tarar bakin alƙalami ya bushe. Suka juya ana ta harbinsu. Harsashi bai nutsar da su ba, amma cikin 'yan kwanaki duka biyun suka daki duwatsu a yankin gangarar, gama lokacin rani ne, ruwa ya janye. Sai da aka aiko wani jirgi ya kwashe waɗanda suka tsira.

Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya sa an gina ganuwoyi a bakin kwarin don tare jiragen abokan gaba. Amma da rundunar Kicina ta matso a 1898, an riga an janye mayaƙan zuwa Umdurman. A ƙarshen Agusta, lokacin cikar kogi, jiragen yaƙi suka wuce ta Sabaloka ba wanda ya tare su. Ran 2 ga Satumba aka gwabza a filin Karari, inda mayaƙan Halifa fiye da 10,000 suka mutu a rabin yini. Masu tarihi sun daɗe suna tambayar abin da zai faru da an tsaya a matsatsin dutse maimakon a fili.

Dutsen da ya zo cikin ruwa

Yanzu sai mu koma Alhilla Kuku, gama babban rabonta na baƙin dutse bai zo a tifa ba. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, ƙasa ta tsattsage a inda Habasha take yanzu, narkakken dutse ya yi ta malalowa, shimfiɗa a kan shimfiɗa, har kaurinsa ya kai kilomita biyu a wasu wurare. Wannan ne ya zama tsaunukan Habasha. Daga cikinsu Shuɗin Nilu yake fitowa, daga tafkin Tana.

Baƙin dutse, duk da taurinsa, in ya daɗe yana shan ruwan sama da rana yakan ruɓe ya zama baƙar laka mai danƙo. Kowace damina ruwa yakan wanke wannan laka daga tsaunuka ya zuba cikin kogi. Daga Yuli zuwa Satumba Shuɗin Nilu yakan cika ya yi duhu, ya iso Hartum da ƙarfi har ya tokare Farin Nilu a mahaɗarsu, wurin da ake kira Mugran. Fiye da rabin ruwan da yake isa Masar a shekara ta wannan reshe yake biyowa, yawancin lakar kuma daga Habasha take. Cikin dubban shekaru wannan laka ta shimfiɗa filin Jazira tsakanin kogunan biyu, ta gina tsibirin Tuti, ta kwanta a gaɓar da Kuku da maƙwabtanta suke. Da rani takan tsattsage har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki, da damina kuwa takan kumbura ta riƙe ruwa. Manomin Borno ya san irinta, can ana ce mata firki.

Da wannan laka aka gina birane. Soba, babban birnin daular Alwa, tana gabashin Shuɗin Nilu, ba nisa sosai kudu da Kuku. An gina manyan gine-ginenta da jan bulo da aka gasa daga lakar kogi. Bayan da sojojin Muhammadu Ali na Masar suka ci ƙasar a 1821, Hartum ta fara tashi, sai magina suka riƙa kwasar bulon kangon Soba suna gina sabon gari da shi. Sana'ar kuwa ba ta mutu ba. Unguwar Jiref, maƙwabciyar Kuku a bakin kogi, ta yi suna da wuraren gasa bulo, waɗanda mutanen Sudan suke kira kama'in. In ruwa ya janye sai a ɗebi sabuwar lakar da ya bari, a kwaɓa da kashin shanu, a zuba a ma'auni, a shanya, a jera, a hura wuta. Wuta ce ta haifi dutsen a Habasha, ruwa ya niƙa shi ya kawo, wuta kuma ta sake mai da shi dutse a Jiref.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Ran 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ban da su, akwai dubban alhazai daga Kano, Katsina, Sakkwato, Borno da Damagaram da suke tafiya Makka a ƙasa, tafiyar da takan ci shekaru. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi aiki. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, wadda daga baya ta kai kimanin fadan miliyan 2. Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka yi noma da tsinkar auduga a cikinta. Waɗansu suka ci gaba zuwa Makka, waɗansu suka dawo gida, da yawa kuwa suka zauna, jikokinsu 'yan Sudan ne yau. Haka kuma a Gadarif, can gabas kusa da iyakar Habasha, inda garin kansa yake kan tudun baƙin dutse, kewaye da shi kuwa baƙar laka ce da ake noman dawa da riɗi. Can ma Hausawa suna da unguwanni. Laka ce ta tsayar da su, lakar kuwa dutsen Habasha ne da ya ruɓe.

Sauran wutar da ke kan hanya

Alhajin da ya bi ƙasa ya wuce irin waɗannan duwatsu tun kafin ya iso Nilu, ko da bai san asalinsu ba. Bayan ya bar Cadi ya shiga Darfur, yakan hangi Jabal Marra, wanda tsawonsa ya kai mita 3,042. A ƙwanƙolinsa akwai wani babban rami mai suna Dariba, da tafkuna biyu a ciki. Ramin ya samu ne daga wata babbar fashewa kimanin shekara 3,500 da suka wuce, har yanzu kuwa akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a wurin. Ƙasar tsaunin tana da albarka, mutanen Fur sun daɗe suna yanka gangarensa hawa-hawa suna noma, daga cikinsa kuma sarautar Darfur ta taso. Arewa da nan akwai duwatsun Midob, inda ramin Malha yake ba makiyaya ruwa da gishiri.

A hamadar Bayuda kuma, cikin babbar kwanar da Nilu ya yi arewa da Hartum, akwai ƙananan duwatsu masu aman wuta kusan ɗari, da baƙin dutse a malale kewaye da su kamar jiya ya huce. Gwajin da aka yi ya nuna na ƙarshensu ya yi aman wuta kimanin shekara 1,100 da suka wuce, wato lokacin da Soba take cikin ƙarfinta. Ga lissafin duwatsu, wannan kamar shekaranjiya ne.

Abin da ke kan hanyar ɓata

Mutum yakan ɗauka dutse abu ne da ba ya ƙarewa. Amma duk gādon nan uku da muka ambata suna cikin canji a zamaninmu.

Na fari, laka. Kowace madatsar ruwa da aka gina a kan Shuɗin Nilu takan tare wani kashi nata. Ta Sinnar ta fara a 1925, ta Rusairis ta biyo a 1966, aka kuma ƙara mata tsawo a 2013. A 2011 Habasha ta soma gina babbar madatsarta kusa da iyakar Sudan, ta fara tara ruwa a 2020, aka buɗe ta a Satumba 2025. Wannan yana da amfaninsa: ana sa rai zai rage irin ambaliyar da ta yi ɓarna a Hartum a 1946, da 1988, da 2020, zai kuma rage lakar da take toshe magudanan Jazira. Amma lakar da ta kwanta a bayan madatsa ba za ta iso gaɓar Jiref da Tuti ba. Mai gasa bulo da mai lambu a bakin kogi, waɗanda kakanninsu suka saba samun sabuwar ƙasa kyauta kowace shekara, su ne za su fara ji a jikinsu.

Na biyu, shaidar da aka haƙo. A cikin yaƙin da ya fara a 2023 an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum, wanda aka buɗe a 1971. Girman asarar ya fito fili bayan sojojin gwamnati sun koma birnin a Maris 2025. Abin da aka sace daga gidan tarihi da wuya ya dawo. Saboda haka abin da ya rage a binne, a Sabaloka da sauran wurare, darajarsa ta ƙaru, gama shi ne sauran littafin da ba a yage ba.

Na uku, tudun kansa. Birnin da yaƙi ya rusa dole a sake gina shi. Gadoji, tituna, asibitoci, makarantu, duka suna bukatar tsakuwa, tsakuwa mai kyau kuwa mafi kusa tana yamma da Umdurman. Ba mai hankalin da zai ce a bar mutane ba muhalli domin a ceci dutse. Mai fasa dutse ma yana da iyalin da zai ciyar. Amma bambancin dutse da itace shi ne, itace in an sare ana iya dasa wani. Tudun da aka niƙe ya tafi ke nan har abada.

Waɗansu ƙasashe sun sami tsaka-tsaki. A Ailan ta Arewa akwai wasu ginshiƙan baƙin dutse a bakin teku, kimanin 40,000, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gādon duniya a 1986, mutane kuwa suna zuwa daga nesa su biya kuɗi su gani. Daga 2015 hukumar ta soma ba wasu yankuna lambar wuraren gādon duwatsu. A Afirka, Mgun ta Maroko da Ngorongoro ta Tanzaniya su ne suka fara samu. Ba sai an kai ga haka ba ma. Ya isa a keɓe gefe ɗaya na tudu a ce nan ba a fasawa, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta abin da ke ciki. Wurin da aka riga aka fasa ma yana da amfani, gama a jikin yankan ne ɗalibi zai ga inda baƙin dutse ya keta dutsen yashi, abin da ba zai gani a allo ba. Gani ya kori ji.

Wannan magana ba ta Sudan kaɗai ba ce. Marmarar Dala ce ta jawo maƙeran farko zuwa inda Kano take, amma yau gidaje sun matse ta ta kowane gefe. A kewayen Abuja da sauran manyan garuruwanmu ana jin ƙarar nakiya a duwatsu kullum. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana ka ga an sauke tifar baƙar tsakuwa a bakin titi, ɗauki ƙwaya ɗaya ka ji nauyinta, ka tambayi direba daga wane dutse ya ɗauko. In kai malami ne, kai 'yan makarantarka gindin dutsen garinku, su taɓa shi, su koyi sunansa, su tambayi tsofaffi abin da ya faru a wurin. Makiyayin Kadaru ya yi tafiyar kwanaki domin ya sami dutse guda da zai yi gizago. Mu da muke kwasarsa da mota, ya kamata aƙalla mu san abin da muke kwasa, mu kuma bar wa na baya wani abu da za su gani.